Yaƙin Sudan: Takardar Sulhu Ba Ta Kashe Wuta Muddin Ana Ƙara Mata Itace

Ranar 8 ga Afrilun 2004, a nan birnin Injamena, wakilan gwamnatin Sudan da na ƙungiyoyin tawayen Darfur biyu, SLM da JEM, suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta ta kwana 45. Marigayi Shugaba Idriss Deby ne ya shiga tsakani, Tarayyar Afirka tana mara masa baya. Abin da takardar ta nema bai da yawa: a daina harbi, a bar kayan agaji su kai ga jama'a, a samu sararin zama a yi maganar siyasa. Fiye da shekara 20 ke nan, amma da yawa daga cikin waɗanda suka tsallako iyaka a wancan lokaci har yanzu suna zaune a sansanoni irin su Farshana da Jabal a gabashin Chadi. Yaran da aka haifa a can sun girma, wasunsu sun yi aure sun haifi nasu.

A kansu ne sabon yaƙi ya zo ya ƙara wasu. Alƙaluman hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa kafin Afrilun 2023 akwai 'yan Sudan kimanin 400,000 a Chadi. Zuwa tsakiyar 2025 an samu ƙarin fiye da 800,000, jimilla ta haura miliyan 1.2. Garin Adre, wanda mazaunansa ba su wuce 40,000 ba, ya wayi gari da baƙi fiye da 200,000.

Na daɗe ina bin labarin tarukan sulhun da ake yi kan wannan yaƙi, da na Libiya da na Yaman. Abin da na fahimta guda ne: yaƙin basasa a waɗannan ƙasashe yana lafawa ne ranar da masu turo makamai da kuɗi daga waje suka janye hannu. Kafin ranar, ko takarda nawa aka sa wa hannu, a banza. Mu mutanen wannan gari ba sai an ba mu labari ba, domin a kanmu aka gwada.

Me ya haɗa mu da yaƙin?

Wani zai ce ina ruwan Bahaushen Injamena da rigimar janar-janar biyu a Khartum? Ai ruwansa ne dumu-dumu. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, hanyar Makka ta nan take bi. Mutum ya taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ya ratso Borno, ya haye kogi ya shigo Fort-Lamy, kamar yadda ake kiran wannan gari kafin 1973. Daga nan sai Abece, sai Adre, sai Aljinaina da Alfashir, har bakin Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don guzuri. Waɗanda suka yada zango a nan su ne kakannin da yawa daga cikinmu, waɗanda suka ƙara gaba kuma su ne kakannin Hausawan Gadarif da Kassala da Damazin. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya sun nausa gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa a gefen kogin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar.

Waɗannan 'yan'uwa sun sha wuya tun kafin babban yaƙin. A watannin Yuli da Oktoban 2022 rikicin filaye da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan rayuka, ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Sannan yaƙi ya isa Wad Madani a Disambar 2023, ya shiga jihar Sennar a tsakiyar 2024. A danginmu akwai waɗanda ke can. Da saƙon murya na WhatsApp muke jin lafiyarsu, shi ma sai ranar da intanet ta dawo.

Ga kuma maganar aljihu. Chadi ta rufe iyakarta tun ranar da aka fara faɗa, alhali kasuwannin gabas da kayan Sudan suka dogara, kama daga sukari zuwa man fetur. Farashi ya tashi, baki ya ƙaru, hatsi bai ƙaru ba. A Fabrairun 2024 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙarancin abinci. A Yulin 2025 kwalara ta ɓulla a sansanin Dugi da ke lardin Wadai. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na Maris ɗin 2025, lokacin da Janar Yasir al-Atta na sojan Sudan ya fito fili ya ce filayen jirgin sama na Injamena da Amjaras halas ne a kai musu hari. Gwamnatin Chadi ta mayar da martani cewa za ta iya ɗaukar haka a matsayin shelar yaƙi. Filin jirgin nan kuwa a cikin gari yake, maƙwabcin gidajenmu ne.

Tebur bayan tebur

An fara faɗa ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojan ƙasa a ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF a ƙarƙashin Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Su biyun ne suka haɗa kai suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta farar hula a Oktoban 2021. Suka ɓata a kan yadda za a narkar da RSF cikin soja: soja suka ce shekara 2, RSF ta ce 10.

Ba a yi wata guda ba Amurka da Saudiyya suka tara wakilansu a Jidda. Ranar 11 ga Mayu aka sa hannu a kan alƙawarin kare farar hula da ficewa daga asibitoci da gidajen mutane, ranar 20 ga wata aka ƙara da tsagaita wuta ta mako guda. Babu wanda ya cika. Ranar 14 ga Yuni aka kashe gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, sa'o'i kaɗan bayan ya zargi RSF da kisan ƙare-dangi a wata hira ta talabijin. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a Aljinaina kaɗai a 2023. Waɗanda suka tsira, akasari 'yan ƙabilar Masalit, a ƙafa suka tako kilomita wajen 30 zuwa Adre.

Daga nan taro ya yi ta bin taro. Shugabannin maƙwabtan Sudan sun haɗu a Alƙahira a Yulin 2023, ministocinsu na harkokin waje suka biyo baya a nan Injamena a watan Agusta. Ƙungiyar IGAD ta gabashin Afirka ta gwada nata, Khartum ta yi fushi ta jingine kujerarta a Janairun 2024. A Maris Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙudiri mai lamba 2724 yana roƙon a tsagaita wuta albarkacin Ramadan, a Yuni ya ƙara da mai lamba 2736 yana umartar RSF ta janye ƙawanyar da ta yi wa Alfashir. A Paris, ranar cikar yaƙin shekara guda, an yi alƙawarin agajin fiye da yuro biliyan 2. A Agusta aka kira zama a Geneva, soja suka ƙi zuwa. A Nuwamba Birtaniya da Saliyo suka kai wani ƙudirin kare farar hula, ƙasashe 14 suka amince, Rasha ta hau kujerar na-ƙi. Taron Landan na Afrilun 2025 kuwa ko sanarwar bayan taro ta bai-ɗaya bai iya fitarwa ba, saboda saɓanin da ke tsakanin ƙasashen Larabawan da suka halarta.

Sai a fara tambaya: su wa ke zaune a kan waɗannan teburan? Rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na Janairun 2024 ya ce akwai ƙanshin gaskiya a zargin cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana kai wa RSF makamai ta filin jirgin Amjaras. Daular ta musanta, ta ce asibitin agaji ta gina a can. Gwamnatin Chadi ma ta musanta, ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce. Sudan ta kai ƙarar Daular gaban Kotun Duniya, kotun ta ce a Mayun 2025 ba ta da hurumin sauraro. A ɗaya gefen, Masar ba ta ɓoye kusancinta da soja, kuma rahotanni da dama sun nuna sojan na amfani da jirage marasa matuƙa ƙirar Iran da Turkiyya. Zinare na fita daga yankunan ɓangarorin biyu, kuɗin harsashi na shigowa. Takunkumin makamai da Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba tun 2004 da 2005 Darfur kaɗai ya shafa, shi ma ba mai tsaron ƙofarsa.

Ranar 12 ga Satumbar 2025 ƙasashe huɗu, Amurka da Saudiyya da Masar da Daular Larabawa, suka fitar da taswira: tsagaita wuta ta jinƙai ta wata 3, sai dawwamammiya, sai miƙa mulki ga farar hula cikin wata 9. A cikin sanarwar su da kansu suka rubuta cewa tallafin soja daga waje na tsawaita yaƙin, dole ne a daina. Mako shida bayan haka, ranar 26 ga Oktoba, Alfashir ta faɗa hannun RSF bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, aka yi ta samun labarin kisan gilla har a cikin asibiti. RSF ta ce ta karɓi tayin tsagaita wuta bayan ta gama kama garin, Burhan ya yi watsi da shi, faɗa ya koma Kordofan.

Gaskiya dai ba za a ce ba a samu komai ba. A Fabrairun 2024 hukumomin Sudan sun hana shigar da agaji ta mashigar Adre, bisa zargin makamai na bi ta nan. Matsin lambar zaman Geneva ne ya sa aka sake buɗe ta a Agustan 2024, makonni biyu bayan an tabbatar da fari na yunwa a sansanin Zamzam. Duk motar hatsin da ta ratsa ta nan rayuka ta ceto. Amma buɗe ƙofar abinci daban, kashe wutar yaƙi daban.

Abin da aka gwada a kanmu

Dattawanmu suna tuna Fabrairun 1979, lokacin da Injamena ta kama da wuta tsakanin sojojin Felix Malloum da na Hissene Habre. Najeriya ta kira ɓangarorin Kano a watan Maris, aka sake zama a Afrilu, sannan ranar 21 ga Agusta ƙungiyoyi 11 suka sa hannu a Legas. Aka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, Goukouni Weddeye shugaba, Habre ministan tsaro. A Maris ɗin 1980 su biyun suka far wa juna a tsakiyar gari, wata 9 ana yi, jama'a suka kwarara Kusuri. Tankokin Libiya ne suka ba Goukouni nasara a Disamba. Habre ya koma Darfur, ya samu taimakon Sudan da Masar da Amurka, ya dawo ya kama birni ranar 7 ga Yunin 1982, sojojin kiyaye zaman lafiya na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suna kallo. Takardun Kano da Legas ba su da laifi. Kowane mai sa hannu yana da ubangida a waje, shi ya kashe su.

Zagaye na biyu ni shaida ne. Bayan ɓarkewar rikicin Darfur, Injamena da Khartum suka shiga ciyar da 'yan tawayen juna. Aka sasanta su a Turabulus a Fabrairun 2006, ranar 13 ga Afrilu 'yan tawaye suka shigo mana gari. Aka sasanta su a Saudiyya a Mayun 2007, ranakun 2 da 3 ga Fabrairun 2008 aka gwabza har kusa da fadar shugaban ƙasa. Ina cikin dubban da suka bi gadar Ngeli zuwa Kusuri, tsofaffi a baro, yara a kafaɗa. Aka sasanta su a Dakar a watan Maris, ranar 10 ga Mayu mayaƙan JEM suka kai hari Omdurman. Aka sasanta su a Doha ranar 3 ga Mayun 2009, ba a yi mako ba aka gwabza a Am Dam. Takarda huɗu, hari huɗu.

Ranar 15 ga Janairun 2010 aka sa hannu a kan ta biyar a nan Injamena, ba tare da wani gagarumin biki ba. Ita ce ta riƙe. Dalili kuwa, kowane ɓangare ya riga ya ga wuta a ƙofar fadarsa, ya gane cewa bindigar da ya ba wani za ta iya juyowa kansa. Deby ya tafi Khartum a Fabrairu. Aka kafa rundunar haɗin gwiwa mai sintiri a kan iyaka. A watan Mayu shugaban JEM, Khalil Ibrahim, ya sauka a filin jirgin Injamena, aka hana shi shiga gari, aka mayar da shi Libiya. A Yuli Sudan ta sallami jagororin tawayen Chadi, irin su Mahamat Nouri da Timan Erdimi, suka koma Doha. Wannan sulhu bai share wa mutanen Darfur hawaye ba, bai mayar da 'yan gudun hijira gida ba. Amma daga ranar, ayarin motocin yaƙi bai sake tasowa daga gabas ya nufo mu ba. Alƙawarin 2010 bai bambanta da na 2006 ba. Bambancin shi ne a wannan karo an rufe famfo.

Libiya, Yaman da Labanan

Ayarin da ya biyo baya daga arewa ya fito, wato Libiya, kuma labarinta kusan ɗaya ne. An sa hannu a Skhirat ta Maroko a Disambar 2015, Janar Khalifa Haftar ya tasam ma Turabulus a Afrilun 2019. A taron Berlin na Janairun 2020 manyan ƙasashe suka yi alƙawarin mutunta takunkumin makamai, jiragen dakon kaya suka ci gaba da sauka. Sai da Turkiyya ta tsaya wa Turabulus, Rasha da Masar da Daular Larabawa suka tsaya wa gabas, kowa ya ga ƙara taku ɗaya a Sirte zai haɗa shi faɗa da babba irinsa, sannan aka samu tsagaita wutar 23 ga Oktoban 2020 a Geneva. Ta riƙe gwargwado, sai dai ƙasar ta zauna da gwamnati biyu, zaɓen Disambar 2021 bai yiwu ba. Yarjejeniyar ta ce mayaƙan waje su fice cikin wata 3, ba ta tanadi inda za su ajiye makamansu ba. A Afrilun 2021 mayaƙan FACT suka gangaro daga kudancin Libiya, a wannan faɗa Shugaba Deby ya rasa ransa. Sulhun da bai yi lissafin maƙwabci ba, maƙwabcin ne ke biyan kuɗinsa.

A Yaman, yarjejeniyar Stockholm ta Disambar 2018 ta ceci tashar jiragen ruwa ta Hudaida, amma yaƙi bai tsaya ba. Ranar 2 ga Afrilun 2022, farkon azumi, aka tsagaita wuta. Wa'adinta ya ƙare a Oktoba ba a sabunta ba, duk da haka babban yaƙin bai dawo ba, domin Saudiyya ta gaji tana neman mafita, kuma a Maris ɗin 2023 ta shirya da Iran a Beijing. Labanan ma ta yi shekara 15 tana yaƙi daga 1975. Yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989 ta yi aiki ne saboda Saudiyya da Siriya sun fahimci juna, Amurka ta sa albarka, ko da yake sojojin Siriya ba su fita ba sai 2005.

Abin da za mu sa wa ido

Saboda haka idan aka sake sanar da wani taro kan Sudan, kuma za a sake, ni ba hoton musabaha zan duba ba. Zan duba ko an faɗaɗa takunkumin makamai ya game ƙasar baki ɗaya, kamar yadda tawagar binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara a Satumbar 2024, da ko an hukunta ko da kamfani guda ko ƙasa guda da ta karya shi. Zan duba ko kasuwannin da ke sayen zinaren yaƙi sun fara tambayar daga ina ya fito. Zan duba ko mashigar Adre ta zauna a buɗe ba tare da ana roƙon sabunta izini duk bayan 'yan watanni ba.

Zan kuma duba wa aka ba kujera. A Abuja a 2006 Minni Minnawi kaɗai ya sa hannu cikin manyan 'yan tawaye. A Doha a 2011, da Juba a 2020, an raba muƙamai tsakanin masu bindiga, talaka bai ga canji ba. Darasin da matasa suka ɗauka shi ne, in kana son kujera ka nemi bindiga. Alhali matasan da ke tafiyar da ɗakunan agajin gaggawa a unguwannin Khartum da Darfur, suna dafa abinci a tukunyar taro suna ciyar da dubbai, sun yi wa ƙasar abin da janar ko ɗaya bai yi mata ba. Su da mata da manoma da ƙananan ƙabilu, ciki har da Hausawan Shuɗin Nilu da rikicin filayensu bai warware ba, idan ba a ji ta bakinsu ba, wata wutar ake binnewa a toka.

Ga hukumominmu, roƙona shi ne a tuna 2010. Yanzu da RSF ta kafa gwamnatinta a Nyala, akasarin iyakarmu ta gabas na fuskantar yankin da ke hannunta, kuma hatsarin Sudan ta rabe kamar Libiya ba wasa ba ne. Chadi ta ɗauki nauyin baƙi fiye da miliyan guda cikin talaucinta, wannan abin yabo ne. Hanyar kare wannan suna ita ce a buɗe ƙofa ga masu binciken ƙasa da ƙasa su duba duk inda ake zargi, kowa ya huta da ce-ce-ku-ce.

Mu kuma muna da namu aikin. A kasuwar Dembe da Kasuwar Gero, Balarabe da Bazagawe da Bamasalite da Bahaushe rumfa ɗaya suke zama, a Masallacin Sarki Faisal sahu ɗaya suke tsayawa. Kusan kowannensu yana da wanda aka kashe masa a can. Bidiyon gawawwaki da saƙonnin zagin ƙabila da ke yawo a wayoyinmu itace ne su ma, kada a tura su gaba. Wanda Allah Ya hore wa, ya kai zakkarsa ko sadakarsa ga iyalan Sudan da suka sauka a unguwarsa, ya taimaka a sa yaransu makaranta. Kakanninmu sun ci abincin mutanen Aljinaina da Alfashir a hanyarsu ta zuwa Makka, yanzu lokacin ramawa ne. Allah Ya kawo wa Sudan sauƙi, Ya tsare mana garinmu.